Dakalin Kawu Haladu

Duk wanda ya san Kawu Haladu, maginin ƙasa na Makarfi, ya san ba ya shiga gida sai ya dafa bango tukuna, kamar mai duba zazzaɓin yaro. In bulo ne, sai ya janye hannu ya ce gidan nan ba shi da lafiya. Ni ɗan ƙanwarsa ne, na sha kunya a gidajen mutane har na saba.

Da gari ya fara cinye gonakin rake aka yanka filaye, sababbin gidaje suka kewaye nasa: doguwar katanga, get na ƙarfe, ba zaure ba dakali. Abokan hirarsa wasu sun sayar sun koma Kaduna, wasu ƙasa ta rufe musu ido. Kawu ya rasa wanda zai ce wa ina kwana.

Sai ya ɓullo da dabara. Ya kwaɓa ƙasa, ya je ƙofar wani ma'aikaci da ya tare kusa da shi, ya gina masa dakali. Mutumin ya dawo daga ofis, mota ta rasa hanyar shiga get.

"Baba, wa ya sa ka?"

"Ba wanda ya sa ni. Baƙonka a ina zai zauna?"

"Ai waya zai bugo min."

"To, wayar ta zauna a kai."

Aka rushe, ya koma gidan gaba. Haka ya bi layin nan yana gini ana rushewa, ni kuma ina biye ina ba da haƙuri.

Da masu aikin titi suka ce zaurensa ya shigo hanya, sai ya shimfiɗa musu tabarma, ya kawo fura, ya ce su yi masa bayani. Kullum sai ya ce bai gane ba, su dawo gobe. Na ce masa ai ya gane sarai. Ya harare ni ya ce, "Yi min shiru. In na gane, wa zai sake zuwa?"

Ranar na yi dariya har da hawaye. Yanzu in na tuna, tausayinsa ne ke kama ni.

Ran da ya rasu, duk layin ba inda masu ta'aziyya za su zauna sai zauren nan. Ya cika maƙil, har da ma'aikacin nan a bakin ƙofa. Taron da ya yi ta nema ya zo, shi kuma ba ya nan.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yalwata makwancinka, ya haɗa ka da maƙwabta masu zama a yi hira.