Kar-a-yar da Kujerun Kamfani

Mijina yana da sunansa na yanka, amma rabon da in ji an kira shi da shi har na manta. Kar-a-yar ake ce masa a wurin aiki da cikin unguwa, jikokinsa ma haka suke kiransa, kuma yana amsawa. Kada ku ɗauka sharri aka yi masa. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ban taɓa ganin bawan Allahn nan ya nufi kwandon shara da abu bai tsaya ya juya shi sau biyu ba, kuma daga juyawar nan sai aljihu. Duk ranar wanki sai na zazzage wandonsa a faranti: lanƙwasasshiyar ƙusa, noti, guntun waya, washa, wato ɗan zoben ƙarfen nan da ake sa wa noti. In na ce, "Malam, wannan kuma fa?" sai ya ce, "Ajiye, ranarsa na zuwa." Abin da ke ba ni haushi shi ne ranar takan zo.

Aikinsa gyaran kujeru ne a wani kamfanin inshora mai hawa bakwai. Ɗakinsa yana ƙarƙashin matakala, ba taga, kuma mutum ba ya iya miƙewa sosai sai a bakin ƙofa. Shekara ashirin da tara ya yi a ciki, shi ya sa in kun gan shi za ku ga ya ɗan rankwafa. Bai san sunan rabin ma'aikatan ba, amma ya san zaman kowa. Mai karɓar baƙi tana yini tana jujjuyawa, saboda haka taya take ci. Wani akawu a hawa na huɗu yana kwanciya da baya har majinginar ta saki. Babban manaja kuwa yana da ciwon ƙugu, a karkace yake zama, sai mijina ya ƙara washa biyu a ɓangaren hagu na kujerarsa, bai gaya wa kowa ba. Kuma duk kujerar da ya gyara, kafin ya mayar sai ya kifa ta ya ja zane ɗaya da ƙusa a ƙarƙashin mazaunin. Ta manaja tana da zane goma sha huɗu.

Ana nan sai kamfani ya ɗauko wata ƙwararriyar mai ba da shawara. Ma'aikata suka sa mata Mai Kibiya, don duk hoton da ta haska a bango kibiyoyi ne suna bin juna a zagaye. Ta tara kowa, har masu shara da mai gadi, ta ce duniya za ta ƙare da mu saboda saye muke yi mu yi amfani mu yar. Ta ce zamani ya zo na tattalin arziki mai zagayawa: abu in ya tsufa a gyara shi, a sake amfani da shi, kada a yar da komai.

Ranar mijina ya dawo gida bakinsa har kunne. Ya ce, "Uwar yara, yau na ji karatun da na yarda da shi." Ni ma na ɗauka ta gane shi ne. Har na goge masa riga mai kyau, ko za a kira shi sama a ƙara masa girma.

An kira shi sama kuwa, bayan mako biyu. Aka ce masa kamfani ya sa hannu da wani mai kwangila, wanda zai riƙa kwashe tsofaffin kujeru ya kai masana'antarsa, a sabunta su, a dawo da su tare da takardar shaida mai hatimi. Takardar nan ita ake so, don a nuna wa masu hannun jari. Ɗakin ƙarƙashin matakala kuwa ba ya ba da takarda. Aka yi masa godiya, aka karɓi makulli, aka ba shi allon yabo da aka narka murafan kwalba aka yi. Ya riƙo shi a hammata ya hau motar haya ya dawo.

Satin farko ya gyara duk abin da ya lalace a gidan. Sati na biyu ya koma kan waɗanda ba su lalace ba. Fankata lafiyarta ƙalau, ya kwance ta a kan tabarma yana neman laifinta. Na yi ta faɗa har maƙwabta suka gaji da ji. Ashe faɗan nan ma jin daɗi nake yi ban sani ba, don a sati na uku ya daina taɓa komai. Sai ya ɗauki ɗan bencinsa ya zauna a bakin ƙofa tun safe, ga akwatin kayan aiki a gefe ko buɗewa ba ya yi. Shayi ya huce a gabansa. Wata rana ina shanya, wani noti ya faɗo daga aljihunsa ya gangara har bakin kwata. Ya bi shi da kallo, bai tashi ba. Wallahi a lokacin na ji tsoro, irin tsoron da ban ji ba ko da aka yi masa aiki a asibiti.

Na ɗauko notin na miƙa masa. Ya ce, "Bar shi. Shekara ashirin da tara ban yar musu da ko ƙusa ɗaya ba. Ni kaɗai aka yar."

Ni da ake ce wa bakina ba ya mutuwa, sai kawai na juya. Na shiga ɗaki na yi kukana, na fito na ci gaba da shanya.

Ya yi kusan wata biyu a haka. Sai ran nan da hantsi wata babbar mota ta toshe mana layi. Wani matashi ya sauko cikin kwat, gumi ya jiƙe masa wuya, ya gaishe ni har da rusunawa. Ya ce, "Mama, mai shagon noti ne ya turo ni. Ya ce akwai wani dattijo a nan da ya san irin waɗannan kujerun."

Da na matsa masa da tambaya sai ido ya raina fata. Shi ne mai kwangilar. Masana'antar a cikin ƙasidar talla mai sheƙi kawai take, injin kuwa yana tashar jirgin ruwa, wai takardu ake jira. Ya raba kashin farko ga kafintoci uku, sun gyara an mayar, kwana biyu taya ta fice, akawun hawa na huɗu ya tsinci kansa a ƙasa ƙafafu a sama. An ba shi mako biyu, ko ya gyara ko a soke kwangila. Kuma bai san gidan wa ya zo ba.

Ni na sanar da shi, dalla-dalla, tsintsiya a hannuna. Ina cikin yi masa ta-tas sai na waiga na ga benci ba kowa. Malam ya riga ya hau bayan mota, ya zura hannu ƙarƙashin wata kujera yana shafawa kamar mai duba ɗan da ya dawo daga tafiya.

Ya ce, "Wannan ta hawa na uku ce. Wane mara tsoron Allah ne ya sa mata wannan tayar?" Sannan ya juyo gare ni. "Uwar yara, miƙo min akwatina."

Zuciyata ta so in ce a'a. Amma muryar nan rabona da ita wata biyu. Na jingine tsintsiya na ɗauko akwati.

Kujera ɗari da ashirin aka sauke mana. Tsakar gida ta cika, falo ya cika, har kan gadon baƙi aka ɗora. Gida maƙil da kujeru amma babu wurin zama, don duk a kife suke. 'Yar'uwata ta zo ziyara ta sha ruwa a tsaye ta tafi, har yau tana min gori. Ni kuma ban san lokacin da aka ɗauke ni aiki ba, sai dai na ga kaina a kan keken ɗinki ina ɗinka rigunan mazauni. Mai kwangila aikinsa shi ne manna koriyar sitika mai kibiyoyi a ƙasan kowace kujera. Da ya ga zane-zanen ƙusa sai ya ce a goge, don kada su nuna tsufa. Malam ya ajiye sifana ya ce in aka goge ko ɗaya, a kwashe kayan yanzu. Ba a goge ba.

Da aka zo kan kujerar manaja, Malam ya yi tsaki. Kafintocin sun ga ta karkace, sun cire washa biyun nan sun miƙar da ita tsaf. Ya ce in kawo farantin wanki. Ya tona ya tona ya zaro washa biyu da na fitar daga wandonsa tun bara, ya ɗaga su ya kalle ni. Na ce, "Na gani. Kada ka ce komai."

Kamfani ya shirya taron ƙaddamar da kujerun, har da baƙi da masu ɗaukar hoto. Mai kwangila ya roƙi Malam ya zo ya tsaya can baya da sukundireba a aljihu, ko da wata taya za ta yi gardama. Ba a gayyace ni ba, amma na ci ado na bi su, don kujerun da suka hana ni falona ai ina da haƙƙin ganin inda za su.

Manaja ya tashi ya yi jawabi. Ya ce shi shaida ne. Wata biyu ƙugunsa ya hana shi sakat, amma tun da aka dawo da kujerarsa daga masana'anta ciwon ya tafi, domin an gaya masa na'ura ce take auna jikin mutum ta daidaita. Aka tafa. Na kalli mai kwangila, shi kuma ya kalli takalminsa. Sai Mai Kibiya ta ce a ɗora kujerar a kan tebur a kifa ta, baƙi su ga sitikar shaida.

Aka kifa. Wata tsohuwar mai shara tana tsaye kusa da ƙofa, wadda ta fi kowa sanin ƙasan kujerun ginin, don ita ke ɗaga su in za ta goge ƙasa. Ta matso ta ƙanƙance ido ta ce, "Ai wannan zanen Kar-a-yar ne. Da sha huɗu ne. Ga na sha biyar nan, sabo."

Sai mai karɓar baƙi ta sunkuya ta leƙa ƙasan tata. Akawu ya leƙa tasa. Kafin ka ce me, zaure guda na masu kwat kowa ya duƙa, kai a ƙasa, ana ƙirga zane. Masu hoto ba su san abin da ake yi ba, amma suka ɗauka.

Manaja ya dubi mai kwangila ya ce, "To, masana'antar fa?"

Yaron ya shiga share gumi. Tausayinsa ya kama ni, sai na taimaka masa. Na ce, "Tana falona, ranka ya daɗe. Ni ce sashen ɗinki."

Mai Kibiya dai ba a banza take cin kuɗinta ba. Kafin dariya ta lafa ta riga ta karɓi abin magana. Ta ce wannan shi ne ainihin darasin: me ya sa za a ƙona mai a kai kujera wata unguwa a dawo da ita? Sai a matso da masana'antar cikin ginin. Ta tambaya ko akwai ɗakin da ba a amfani da shi. Mai gadi ya ce akwai ɗaya a ƙarƙashin matakala, tun da aka rufe shi ba wanda ya iya buɗewa, don kwaɗon haɗin gambiza ne, sai an ɗaga ƙofar da gwiwa. Aka sake tafawa, aka ce sabon tunani ne.

Da jama'a suka watse, manaja ya tako har baya inda Malam yake tsaye. Ya ce, "Baba, me ka sa wa kujerar?"

"Washa biyu, ranka ya daɗe. A hagu. Yau shekara tara."

Manaja ya ce, "Ban taɓa sani ba."

Malam ya ce, "Ai mai zama ba ya ganin ƙasa."

Da hannunsa manaja ya kawo masa makullin. An manna wa ƙofar allo, wai Cibiyar Sabunta Kayayyaki, an ba shi koriyar riga, kuma yanzu shi ke buga hatimi a takardar shaida. Ɗakin dai yana nan ba taga.

Ranar Litinin da zai koma, yana zaune a ɗan bencinsa yana ɗaure takalmi, na ce ya tashi. Na kifa bencin, na ɗauko lanƙwasasshiyar ƙusa a faranti, na ja zane ɗaya a ƙasansa. Ya tsaya yana kallon zanen, ya daɗe.

Ya ce, "Bencin ai lafiyarsa lau."

Na ce, "Na sani. Na mai zaman ne. Kuma kada ka sake lalace mini, ba ni da kayan gyara."

Ya karɓi ƙusar daga hannuna, ya juya ta sau biyu, ya sa a aljihu.