Kaka Sa'a da Tafiyar Kwana Arba'in

Kakata Sa'a, wadda ta haifi babana, ta yi shekara talatin tana tuyar ƙosai a bakin kasuwar Dogon Dutsi. Tana da shekara bakwai mahaifinta ya fita daga Kore Mairuwa a ƙasa, da jaki ɗaya, zai je Makka. An samu labarinsa daga Kano, daga baya wani ya ce ya gan shi yana noman ƙodago a Sudan. Daga nan shiru.

Shi ya sa a 1957, da mijinta Mani, tsohon soja, ya ce zai tafi hajji ta jirgin sama daga Yamai, sai ta ajiye ludayi ta shiga ɗaki. Ita dai ta san wanda ya yi gabas ba ya dawowa.

Shi ma Mani bai san wani shiri ba sai irin na mutanen da. Ya danƙa wa ƙanensa Rabo gona, ya bi dangi gida-gida yana neman gafara. Sannan ya kira shaidu biyu ya ce wa Kaka, in damina uku ta wuce bai dawo ba, ya sawwaƙe mata.

"Riƙe sawwaƙenka, Malam," in ji ta. "Uwata ma haka anka ce mata."

Inusa, akawun ofishin kumandan, Baturen mulki, yana wurin. Ya ce, "Haba Inna, kilomita dubu huɗu ne fa kawai. Yau a tashi, gobe a sauka Jidda."

"Kai ɗan lakwal, da bokonka, ka taɓa zuwa ko Dosso da ƙafarka?"

Kwana shida ta yi tana dakan garin gero da ƙuli-ƙuli, buhu biyu, guzurin shekara. A Yamai aka ɗora su a sikeli aka ce ba za su hau ba. Da mai mota ya dawo mata da su, ta yi kuka sosai, wai an tura mata miji hanya ba abinci.

Gero bai fid da kai ba, ran nan tana bakin kasko sai ga Mani ya sauko daga mota, ya rame, yana tari. Kwanansa arba'in. Ba ta yi guɗa ba. Kallonsa ta yi ta yi har ƙosan ya ƙone.

"A Yamai ka tsaya, ko? Faɗa mini gaskiya, ba ni gaya ma kowa."

Ya kwance ƙullin dabino, ya miƙa mata gorar zamzam. Ta kurɓa, ta zauna a ƙasa cikin mutane.

Babana ya ce sati guda ta yi tana tashi daga aiki ta leƙa zaure, ta ga Mani yana nan, ta koma.