Hantata Ce, Na Ce Jikinsa Ba Zai Ƙi Ta Ba

A wancan lokacin ni ce mai tuwo a unguwar Nkembo, na daɗe a Libreville, kuma duk direban taksin da ya taɓa cin abincina ya san ba a ja da ni. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ni na ɗauko shi daga gida, yana jan taksi tsakanin unguwar PK8 da cikin gari. Ciwon hanta ya kwantar da shi har likitoci suka ce sai dashe. 'Yan uwanmu Hausawa suka tsaya mana muka fita waje, aka yanki sashen hantata aka dasa masa. Muka dawo yana takawa da ƙafarsa, da ƙwayoyin da aka ce zai riƙa sha safe da yamma iya rayuwarsa.

Ƙwayoyin nan suka sa masa rawar hannu. Mutumin da sitiyari ne abincinsa, ga shi ko kofin shayi ya ɗauka sai ya zuba a riga. Na raka shi wurin likitar da ke duba shi a nan, na tambaye ta da guntun Faransancina yaushe zai daina shan maganin. Ta ce babu rana. Ta yi mini bayani cewa jiki yana yaƙar duk abin da bai san shi ba, kuma masu bincike sun daɗe suna gwadawa a kan ɓeraye: su cire hantar wannan su dasa wa wancan, wanda aka ba magani ya rayu, wanda aka hana maganin kuwa, jikinsa ya ƙi hantar cikin 'yan kwanaki. Wallahi daga jin ɓera ban ƙara sauraron komai ba. Raina ya ɓaci, wato mu za a haɗa da ɓeran masai? Nono ɗaya muka sha da shi, ta yaya jikinsa zai ɗauki hantata baƙuwa?

Muna komawa gida na ce ya ajiye maganin. Ya ce Yaya ai likita ta hana, ni kuwa na goranta masa, na ce wadda ta yarda aka farke cikinta dominsa ba ita za ta cuce shi ba. Ya sunkuyar da kai, ya bi. Hannu ya daina rawa, ya koma kan hanya, ni kuma ina ta cika baki a gaban tukunya. Ba a jima ba idonsa ya koma rawaya, fitsari kamar shayi, ga zazzaɓi ga ƙaiƙayi. Da taurin kaina na ce ciwon shawara ne, na yi ta ɗura masa jiƙo, sai da wani abokinsa direba ɗan Nijar ya kinkime shi zuwa asibiti ba da izinina ba.

Likitar ta tambaye shi rabonsa da magani. Ya dube ni, sannan ya ce shi ne ya yi sakaci. Wannan rufin asirin ya fi mari ciwo. Ta ce da an dawo mata a kan rawar hannun da ta rage adadin ko ta canza masa wani. An ceto ransa, amma hantar ta riga ta illatu, sai an nemi wata. Nan take na miƙe na ce a sake yanka tawa. Ta girgiza kai, ta ce ba a ɗiban hantar mutum sau biyu.

Yau yana kwance a ɗakina muna jiran wanda Allah zai kawo ya ba shi hanta, kuma ko sau ɗaya bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ni dai na koyi cewa alherin da ka yi wa mutum bai mai da kai likitansa ba. Duk mai jinyar wanda aka yi wa dashe, don girman Allah kada ya hana shi maganin nan, abin da ya dame shi ya koma ya tambaya. Ni na ba ɗan uwana abin da ba ni da na biyunsa, kuma da bakina na lalata shi.