Zanen da Ya Sauke Sanda daga Jirgi

Alhaji Labaran ya raba Sanda da aikinsa na rakiyar kaya a teku saboda zane. Bai yi sata ba, bai ɓatar da ko allura ba. Zane ya ɗaura, shi ke nan laifin.

Sanda mutumin Kura ne. Kafin ya zo Dubai a 2016, babban ruwan da ya sani shi ne na fadamar shinkafa. Ɗaurin kwali yake yi a shagon Alhaji da ke kasuwar Murshid Bazar, har ranar da aka ce masa, "Gobe za ka raka kaya Zanzibar, jirgi na jiranka."

To, mu Hausawa komai jirgi ne, na sama da na ƙasa da na ruwa, sai a bar ka ka canka. Sanda ya canki na sama. Ya zuba shaddarsa ta Sallah, ya kafa hula, ya fesa turare. Sai ga mota ta sauke shi a bakin ruwan Deira, gaban wani ƙaton jirgin katako da aka lafta wa firji da tayoyi da buhunan sukari.

"Ina fukafukan?" in ji Sanda.

"Yalla, habibi, hau!" in ji matuƙin.

Ya hau. Ya yi amai har ya bar wasiyya. Da ya farfaɗo sai ya ga mai dafa musu abinci, wani dattijo ɗan tsibiran Maldibs, da wuri ɗaure a wuyansa.

"Kai! Kakata na da irin wannan, an jera mata a bakin ƙwarya!"

Da guntun Larabci da nunin hannu dattijon ya fahimtar da shi cewa a tekunsu ake tsintarsa. Ya ce kakanninsu tun ba injin, iska suke jira ta juyo, su bi ta daga tsibiri zuwa tsibiri da kwakwa da busasshen kifi da wuri, wannan ya miƙa wa wancan, wasu su yi aure a can su zauna.

"Ashe mun daɗe muna ciniki da ku, gaisawa ce kawai ba mu yi ba," in ji Sanda.

Daga nan teku ta shiga ransa. Shekara uku yana kai kaya yana dawowa, har ya iya gane hadari tun yana nesa. Shadda kuwa gishiri ya cinye ta. A jirgin kowane namiji zane yake ɗaurawa, don wando in ya jiƙe sai ya yini yana goge maka cinya. Sanda ma ya ɗaura.

Ran nan suna sauke kaya a bakin ruwan Deira, wani Shu'aibu mai sayar da takalma ya ɗauke shi hoto ya watsa wa 'yan kasuwar Kano, ya rubuta, "Hajiya Sanda ta sauka lafiya."

Alhaji ya kira shi. "Ɗan daudu zan riƙa turawa da kayana? Khalas, an gama! Ka koma sito."

"Ranka ya daɗe, ai limamin jirgin ma da zane yake jan salla."

"Limamin ɗan Kura ne?"

Yanzu Sanda na can wani sito a unguwar Sabka, yana naɗa wa kwalaye salatif, cikin wando. Ran Juma'a sai ya je bakin ruwa ya zauna yana kallon jiragen, ya rame kamar wanda ya yi jinya.

Haba, Alhaji! Ka leƙa ƙofar shagonka, maza nawa za ka gani da zane suna cinikinsu, kai ma kana sayen kayansu kana girmama su da kiran "ya shaik"? Jirgin zai tashi bayan Sallah. Ka mayar da Sanda kan aikinsa kafin nan. Kai kuma Shu'aibu, ka goge hoton nan, ka je har siton ka ba shi haƙuri a gaban mutane.