Mai Ƙirga Silifas

Ban san sunanta ba. Kowa a jirgin ruwan nan Gwaggo yake ce mata. Gajera ce, rana ta ƙona ta, bakinta ja wur da ɗan goron da matuƙa ke taunawa. Ita ke kai masu nutso gaɓar Kenting, kuma ba ta ƙirga kawuna. Kafin ka goya tukunyar iska ka faɗa teku, sai ka jera silifas ɗinka a gabanta.

Yanzu duk mun fito, kowa ya sa nasa. Saura na mutum ɗaya, Tsung-han.

"Gwaggo, ai Tsung-han gwani ne," in ji wani.

"Rufe min baki! Ruwa ai gwani yake ci."

Tana dukan tsanin ƙarfe da sifana, ƙwal, ƙwal, don ƙarar ta kai ƙasan ruwa. Ta daina tauna.

Can sai ga kansa ya ɓullo. Ta jefe shi da silifas ɗinsa tana zagi.

Sai lokacin na lura da wani silifas ɗaure ƙarƙashin sitiyari, rana ta cinye launinsa. Shi mai shi har yau bai fito ba.