Shaidar Gida a Fatar Idon Yaya Bello

Da kakar shinkafar bana Yaya Bello ya cika shekara goma sha biyu da rasuwa. Duk shekara idan lokacin nan ya zagayo, da nauyi a ƙirji nake wuni. Bana kuwa, alhamdu lillahi, na tuna shi har da dariya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Dogo ne siriri kamar karan dawa, ni kuwa tun ina yarinya Allah ya hore mini jiki. Ba ya shigowa gidana bai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Amina, ki rage tuwon nan, kada wata rana sai an fasa bango a fito da ke" ba. Duk dangi ni ake jiye wa ciwon zuciya. Mutumin da ke wuni a fadama cikin ruwa da laka, wa zai kawo masa wannan a rai?

Akwai abin da yake taƙama da shi. A fatar idonsa, ta wajen hanci, akwai wasu 'yan tabo masu ruwan ɗorawa. Babanmu yana da su, Baffa ma haka. Shaidar gida muke ce musu. Kakarmu, wadda ta tashi a ruga kafin a zauna Haɗeja, cewa take man shanun da kakanninmu suka sha ne yake leƙowa. Ni da ban fito da shaidar ba na sha gori, Yaya ya ce a kasuwar kifi aka tsince ni.

Ba wanda ya taɓa lura cewa Baba da Baffa duk faɗuwa ɗaya suka yi suka rasu, tun furfura ba ta kama su ba. Yaya ma ya daɗe yana kukan ƙirjinsa na zafi idan ya ɗauki buhu, yana jiƙa kanwa yana cewa olsa ce. Wata safiya ana yankan shinkafa ya zauna a bakin gona ya ce bari ya huta. Bai tashi ba. Allah ya jiƙansa.

Ɗansa Habu a hannuna ya ƙarasa girma. Bara da Sallah ya zo gaishe ni, baki har kunne, yana nuna mini idonsa: "Goggo, shaidar Baba ta fito mini!" Na taya shi murna. Ba a jima ba na je asibiti awon hawan jinina, likitar ta tambaye ni ko a danginmu akwai wanda zuciyarsa ta buga da ƙuruciya. Na lissafa mata mutum uku, na ƙara da raha cewa ni dai ban gaji komai nasu ba, ko shaidar ido. Sai ta ajiye biro ta ce in kwatanta mata shaidar.

Ta ce akwai kitsen da ke yawo a cikin jini, kolestarol, wanda siriri ma kan tara shi, wasu kuma gadonsa suke yi. Yana taruwa a hanyoyin da ke kai wa zuciya jini har ya toshe su. Irin wannan tabo wani lokaci alamarsa ce, wani lokaci ba komai ba ne, gwajin jini kaɗai ke raba gardama. Ban san yadda na kai gida ba, fuskar Habu kawai nake gani.

Da na faɗa masa, sai na ji muryar ubansa sak: "Haba Goggo, ni da ake ƙirga haƙarƙarina, a ina kitsen zai ɓuya?" Lokacin matarsa na da tsohon ciki. Na ce masa muddin bai je an gwada shi ba, ƙafata ba za ta taka gidan suna ba. Ya san halina, ya tafi yana gunaguni.

Kitsen jininsa ya ɗara nawa nesa ba kusa ba. Aka ɗora shi a kan magani na kullum, aka ce ya sassauta wa man shanu da kitsen tsire, kifin ma gasasshe ya fi soyayye, ya riƙe wake da zogale. Watan jiya na raka shi awo, aka ce kitsen ya sauka sosai, zuciyarsa kuma kalau take. A kan bencin asibitin na zauna na yi kukan daɗi, ban damu da masu kallo ba.

Nakan tambayi kaina, da Yaya na nan me zai ce? Na san sai ya fara da musu, ya kare man shanu kamar ɗan'uwansa. Daga baya ya ce ashe kakarmu ba ta yi nisa da gaskiya ba. Kuma da ya ji zafin cewa tsintacciyar kasuwar kifi ce ta gano sirrin shaidar, har sauran 'ya'yan dangi suka bi layi aka gwada su.

An haifi namiji, an mayar masa da sunan Yaya. Ranar suna mata suna leƙa idon jariri suna neman shaida, na ce su bar shi ya yi barci, idan ya tasa likita za ta duba jininsa. Ba tabo nake so ya gada ba. Tafiyar Yaya da dariyarsa da tsokanarsa duk suna nan a jikin Habu, kuma ina sa ran in Allah ya yarda zan ga furfura a kansa. Jiya ma ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Goggo, ki rage tuwon nan."

Na ce, "Kai dai ka sha maganinka?"

Ya ce, "Na sha, Goggo."