Ranar da Yaya Idirisu Ya Miƙa wa Rakiya Yatsunsa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Idirisu, likitan yara a Sokodé, amma har yau ina tuna zuwansa gidanmu a Dapaong kamar jiya.

Lokacin 'yata Rakiya tana da shekara tara. Haka kawai hannuwanta suka fara fizga, fuskarta na yamutsewa, ko cokali ba ta iya riƙewa. A makaranta an doke ta, wai iskanci ne. A unguwa aka ce iskoki ne, ƙawayenta suka guje ta. Ni kaina na fara tsoron zama ɗaki ɗaya da ita.

Wani bikin suna ne ya kawo Yaya. Ana cin abinci, shi kuwa idonsa na kanta. Ya kira ta, ya ce ta riƙe masa yatsu biyu. Tana matsewa tana saki, kamar mai tatsar saniya.

"Hajara, idan ta yi barci, fizgar tana tsayawa?"

"Cak, Yaya."

"Ta yi ciwon maƙogwaro a watannin baya?"

Ta yi, da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, amma ya wuce har na manta. Ya ce ashe bai wuce ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jiki ne ya tashi yaƙar ciwon, ya juya kan ƙwaƙwalwa, kuma yana iya taɓa zuciya. Washegari muka bi shi Sokodé, aka duba zuciyarta, aka ɗora ta kan allurar wata-wata na shekaru. Kafin damina fizgar ta lafa.

Nakan tambayi kaina me zai ce yau, da ake ɗaukar irin waɗannan yara a waya ana yaɗawa, ana sayen ƙwayoyin magani a kasuwa a sha rabi a ajiye. Ina jin kujera kawai zai jawo kusa da yaron.

Yaya bai bar gadon gida ko gona ba. Rakiya yanzu tela ce, 'ya'yanta biyu, zuciyarta lafiya. Da na tambaye ta abin da ta fi tunawa da kawunta, ba ta ambaci magani ba.

"Inna," ta ce, "a watannin nan duka, shi kaɗai ya dube ni bai ji tsoro ba."

Allah ya kai haske kabarinsa.